Igiya Biyu a Rijiyar Tudun Kanya

Ku samarin da kuke zama a ƙofar shagon cajin waya, ina jin abin da kuke faɗa idan na wuce da dagi a kafaɗa. Wai haƙar rijiya ai haƙa rami ne kawai, ko jaki aka ba diga zai yi. Ba na jin haushi, don yaro bai san wuta ba sai ya taka. Sunana Ado, amma a garin nan ba mai gane ni sai an ce Ado mai rijiya. Ku daga sama kuka san Tudun Kanya, da kwalta da fitilu da shagunan shinkafa da wake. Ni kuwa daga ƙasa na san ta, kuma abin da ke ƙasan ya fi na saman ban mamaki.

Rijiyar farko da na sa hannu a cikinta ita ce rijiyar farko a garin nan, kuma a lokacin babu garin. Gonar gero ce ta wani Malam Inuwa, a bayan Wudil ta ɓangaren da ake bi a tafi Dagumawa, da kanya ɗaya a tsakiya da suri a gindinta. Shekarar da kogi ya cika ya ci gidajen bakin ruwa, Malam Inuwa ya kwashi iyalinsa ya hawo tudu ya kafa bukka. Abokinsa Malam Hashimu, wanda shi ma ruwa ya kora, ya biyo shi ya kafa tasa a gefe, suka ja dangar kara a tsakani. Sun tsira daga ruwa sai kuma suka rasa na sha, don sai an kora jaki har kogi. Shi ne suka aika aka kira maigidana, Baba Tanko, ni kuma na biyo shi ɗauke da igiya.

Da muka iso na zaci zai ɗauki diga ya fara. Ina! Sai ya tuɓe takalmi ya yi ta zagaya gonar kamar wanda ya yar da allura. Ya duba inda ciyawa ta ƙi bushewa, ya duba inda saiwar kanya ta nufa, ya gutsuri ƙasar suri ya murza ya shinshina. Na tambaye shi me yake nema a gidan gara. Ya ce gara ta riga mu zuwa ƙasa, abin da ta ɗebo ta yi gini da shi, shi ne abin da za mu tarar. Ƙarshe ya tsaya ya kafa tsinke, kuma wurin ya faɗo daidai kan dangar da ta raba gidajen biyu.

Malam Inuwa ya ce, “Tanko, ba za ka ɗan matsa da ita ciki ba?”

Baba Tanko ya ce, “Ni zan iya matsawa, Malam. Ruwan ne ba zai biyo ni ba.”

Suka yi dariya, suka ce to a haƙa a nan, danga ta bi ta samanta, kowane gida ya samu rabin baki. Muka gicciya gungumen ƙirya a tsakiya, dangar ta hau kansa. Da aka yi katangar ƙasa daga baya, ita ma a kan gungumen ta zauna. Abin da aka yi don dole sai ya zama al'ada. Duk wanda ya zo neman wurin zama, sai ya nemi maƙwabci su haɗa rijiya a kan iyaka, aiki ya zo musu da sauƙi, mata kuma su riƙa hira ta bakin rijiya ba tare da sun fita ba. Haka Tudun Kanya ta girma, gida bibbiyu, kamar ana jera takalma.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Digar rijiya guntuwa ce, don a ciki babu filin ɗaga hannu. Dagi shi ke fasa marmara, ƙaramin shebur ya kwashe, guga ya fitar. Sai dutse ɗaure da zare, wanda ake saki daga baki a ga ko ramin yana tafiya miƙe, don rijiyar da ta karkace kabari ne ake haƙa wa mai ita. Sai fitilar ƙwai, wadda ake zurawa kafin mutum ya shiga. Na daɗe ina jan guga Baba Tanko bai bar ni na taɓa diga ba. Da na yi ƙorafi ya ce wanda bai iya zaman sama ba, ba ya shiga ƙasa. Mai jan guga ne ke riƙe da kan na ciki, don tsakuwa ɗaya ta suɓuce daga baki, kafin ta isa ƙasa ta zama guduma.

Ranar da na fara shiga da zurfi, na ɗaga kai na ga sama ta dawo kamar faifai. Muryar mutane tana sauko maka a dagule, sanyi yana ratsa ƙafa, gumi kuma yana zuba. Amma abin da ya kama ni shi ne ƙasar kanta. Baƙar ƙasar noma a sama, sai ja, sai marmara mai cin bakin dagi, sai yumɓu mai santsi, sai farin yashi mai laushi irin na bakin kogi. Na tambayi Baba Tanko me ya kawo yashin kogi ƙarƙashin tudu. Ya ce wataƙila kogin ya taɓa kwana a nan kafin ya koma inda yake. Har yau ina juya maganar nan a raina.

A wurinsa na gaji dokar igiya. Ba ya shiga rijiya sai da igiya a ƙugu, kuma ba ya yarda kowa ya riƙe ta sai mai rijiyar da kansa. Yana cewa ɗan kallo zai iya sakinta ya je kallon faɗa, amma mai gida ya san in aka mutu a rijiyarsa, shi da ruwan nan har abada. Idan rijiyar ta gida biyu ce, igiya biyu ake ɗaurawa, ɗaya ta fita ta wannan gefen katanga, ɗaya ta wancan, kowane mai gida da tasa. Na yi shekaru ina bin dokar nan ba tare da na ga ranarta ba.

Akwai wata rijiya da na haƙa wa wata mai suyar kifi, Hajiya Lami, lokacin da aka fara yanka gonaki ana sayar da filoti. Ban kai tsayin mutum ba dagi ya daki wani abu. Na tona a hankali, sai ga dutsen niƙa, cikinsa ya lotsa don aiki, da fasassun tukwane a gefe. A gonar da kowa ya rantse ba a taɓa zama ba! Hajiya Lami ta ce in jefar, kada in jawo mata abin da ya fi ƙarfinta. Ni kuwa na ɗauke shi na kai gida, yana nan a gindin darbejiyata. Wace mata ce ta yi niƙa a kansa, me ya tashe su, ƙishi ne ko yaƙi ko annoba? Na tambayi tsofaffi har Lajawa, ba wanda ya sani. Tun daga ranar na daina cewa Malam Inuwa ne ya kafa garin nan, sai in ce shi ne ya sake kafa shi.

Da jami'a ta zo Wudil, sai Tudun Kanya ta tashi da gudu. Dillalan filaye suka fi manoma yawa, bulo ya kori tubali, aka yi ta gina ɗakunan haya. Malamai da ma'aikata da ɗalibai suka shigo daga Gombe da Bauci da kudancin Kaduna, Musulmi da Kirista. Na ga masu ba da aiki iri-iri. Akwai wanda zai tsaya a kanka yana tambayar ka iso ruwa tun ba ka wuce gwiwa ba. Akwai wanda zai nuna maka inda yake so, daf da masai, in ka hana ya ce ai filinsa ne. Sai motar bohol ta iso. Ranar farko na ajiye aikina na wuni ina kallonta, ba don baƙin ciki ba, ina so in ga me za ta fito da shi. Ja, marmara, yumɓu, yashi, duk yadda na san su, sai dai abin da nake yi a wata ita ta yi shi kafin la'asar. Daga nan masu hali suka koma kowa da bohol ɗinsa da tankinsa da doguwar katanga. Rijiyar gida biyu ta zama kayan tsofaffin unguwa.

Sai muguwar shekara ta zo. Damina ta makara, ta kuma ɗauke da wuri, gero ya tsaya bai cika ido ba. Kafin tsakiyar rani kogi ya koma yashi, tifofi suna shiga har tsakiyarsa. Rijiyoyi suka ja baya, guga ya riƙa dawowa da laka, 'yan garuwa suka zama sarakuna. Aiki ya yi mini yawa, amma irin wanda ba na so, wato yasa da ƙara zurfi a tsofaffin rijiyoyi. Sabuwar rijiya kai ka san abin da ka bari a bayanka. Tsohuwa kuwa ba ka san abin da ruwa ya yi shekaru yana ci a gindinta ba.

A cikin wannan hali Alhaji Sabo ya aiko a kira ni. Ɗan Malam Inuwa ne, shi ya gaji gidan, kuma yana kiwon shanun turka yana kaiwa kasuwar kara ranar Juma'a. Gidan Malam Hashimu kuwa magada sun sayar wa wani Malam Yohanna, mutumin Gombe, ma'aikaci a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Da farko zamansu lafiya, har tuwon salla da shinkafar Kirsimeti suna tsallake katanga. Da ruwa ya ja baya sai abu ya lalace. Malam Yohanna ya sa ƙaramin inji yana jan ruwa zuwa tanki, matan gidan Alhaji su zura guga su tarar da taɓo. Shi kuma Yohanna yana cewa shanun Alhaji suna shan abin da ya ishi gida uku. Magana ta yi tsami har suka daina gaisawa, watanni suna wuce juna a ƙofar gida kamar ba su taɓa haɗuwa ba.

Na tarar da buhunan siminti a jibge a zaure. Bayan mun gaisa, na tambayi iyali da shanu da zafin rana, sai ya ce, “Baba Ado, so nake in matsar da katangar nan, rijiya ta dawo cikin gidana gaba ɗaya. Ubana ne ya haƙa ta. Magini ya ce ba zai ɗora bulo a bakinta ba sai ka duba gindinta.”

Na ce, “Su kuma mutanen can su sha me, Alhaji?”

Ya ce, “Ya yi bohol. Ba albashi yake ɗauka ba?”

Na san Yohanna ba shi da halin bohol, 'ya'ya ne da shi a makaranta, kuma a shekarar nan wanda aka toshe wa rijiya tamkar an ce ya tashi ne. Na tuna karin maganar nan, rijiya ta bayar guga ya hana. Amma ni ba alƙali ba ne, kuma gaskiya ina so in shiga. Rabona da gindin rijiyar nan tun wata yasa da na yi mata ina saurayi, ina so in ga abin da ya same ta.

Na ce, “Zan shiga. Amma ka san dokar Baba Tanko, igiya biyu ce.”

Ya ɓata rai. “Ni kaɗai na isa. Ai tawa ce.”

Na ce, “Sai ranar da ka toshe za ta zama taka, Sabo. Yau dai ta ku biyu ce. In ba haka ba ka nemi wani.”

Ba wani a garin, shi ma ya sani. Na zagaya na yi sallama da Malam Yohanna, na gaya masa komai ban rage ba, har da simintin. Ya ce, “Wato Baba, in riƙe igiya a duba yadda za a toshe mini ruwa?”

Na ce, “A'a, ka riƙe igiya don kada in mutu.”

Ya ce, “To, wannan zan yi.”

Da safe muka haɗu, ni da abokin aikina Ɗanlami mai jan guga muna gefen Alhaji, Yohanna yana nasa gefen, katanga ta raba su ba mai ganin wani. Na zura fitila har ƙasa, harshenta bai girgiza ba. Yohanna ya leƙo ta rabin bakinsa ya tambaye ni me nake dubawa. Na ce maigidana ya ce in fitila ta ƙi wuri, kai ma ka ƙi shi. Ya ce ai iskar da wuta take ci ita ce mutum yake shaƙa, in ta ƙare wa ɗaya ta ƙare wa ɗayan. Shekara da shekaru ina zura fitila, sai ranar na ji dalili, kuma na ji daɗin jinsa. Na ɗaura igiyoyin biyu a ƙugu, na miƙa wa kowa tasa, na yi bisimilla na sauka.

Matattakan da Baba Tanko ya sara suna nan, ƙafata ta gane su. Na wuce ja, na wuce marmara, na wuce yumɓu, duk lafiya lau. Da na dira a ƙasa na haska sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Farin yashin nan ya zaizaye ta ƙarƙashin yumɓu, ya yi kogo zagaye da gindin rijiyar, har mutum zai iya kwanciya a ciki. Rijiyar gaba ɗaya a kan iska take zaune. Da an ɗora mata katangar bulo, da ta haɗiye ta har da magini. Ya kamata in fito nan take, amma sai na ga danshi yana tsattsafowa ta gabas, na ce bari in taɓa da dagi in ga ko idon ruwan ne ya koma can.

Taɓawa ɗaya na yi. Na ji wani sauti kamar an zazzage buhun gero, fitila ta mutu, yashi ya kama ni har cinya, kafin in yi salati ya kai ƙugu. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Na ɗaga murya na ce ta rufta. Nan take igiyar gefen Alhaji ta fizge ni, na karkace, kafaɗata ta daki bango, wani yashin ya sake zubowa. Sai ta Yohanna ita ma ta fizga, na koma ɗaya gefen. Kowa yana ja da iyakar ƙarfinsa, kuma kowane ja binne ni yake ƙara yi.

Na ce, “Ku tsaya! In ba tare za ku ja ba, ku kuke kashe ni. A hankali, kuma lokaci ɗaya.”

Igiyoyin suka tsaya cak. Ɗanlami ya kama wutsiyar igiyar Alhaji, matar Yohanna ta kama ta mijinta, amma ba mai ganin wani, kuma ba yadda za a yi hannu ya zo ɗaya sai an yi magana. Ina ƙasa cikin duhu, yashi yana matse mini ciki, ina kallon faifan hasken nan da gungumen ƙirya ya raba biyu, ina jira in ji wa zai fara.

Muryar Yohanna ce ta sauko. “Alhaji, kana ji na?”

Alhaji ya ce, “Ina ji, Malam Yohanna.”

“Kai ka ba da baki, ni zan bi ka.”

“To, bisimilla. Ja. Tsaya. Ka tsaya?”

“Na tsaya.”

“Baba Ado, yaya?”

Na ce su ƙara kaɗan. Haka suka yi ta yi, Sabo yana cewa ja, Yohanna yana amsawa, ni kuma ina tone ƙafafuna da hannu tsakanin ja da ja. Ƙafar dama ta fito, ta hagu ta bar takalminta a can har yau. Suka ɗago ni tsakiyar rami sak, ban taɓa bango ba, har ƙafata ta samu matattaka a marmara. Da na fito na kwanta a ƙasa ina mayar da numfashi, Ɗanlami yana zuba mini ruwan buta a ka. Da na samu baki na gaya musu abin da na gani, na ce gindin nan ba zai ɗauki bulo ko ɗaya ba, kuma in ba a tare yashin ba, kafin damina ba mai rijiya a cikinsu.

Na dubi Alhaji Sabo. Yana zaune yana duban tafin hannunsa, igiya ta sale shi jini yana tsattsafowa. Can sai ya matsa bakin rijiya, ya sunkuya ta ƙarƙashin gungumen ya ce, “Malam Yohanna, yaya hannunka?”

Daga can aka ce, “Ya ɗan sale, Alhaji. Naka fa?”

Simintin nan da aka saya don katanga, da shi muka zuba zobban kwalbati muka zura a gindin rijiyar su tare yashin, Yohanna ya kawo rodi da tsakuwa. Idon ruwan kuwa yana gabas ɗin da na zata. Ba zan ce muku sun zama aminai ba, har yanzu sukan yi 'yar tsama a kan kwata. Amma inji ba ya tashi sai mata sun gama ɗiba, shanu kuma a rani ruwan garuwa suke sha. In kun je ku dubi gungumen ƙiryar, za ku ga igiyar guga ta ci shi ta gefe biyu, kuma duka gefen biyu suna ƙyalli.

Yanzu garin ya kai inda ban san sunan wasu layukan ba, kuma gwiwata ta fara ƙin matattaka. Duk wanda yake ganin haƙa rami ne kawai, ya same ni a gindin darbejiya bayan sallar asuba. Diga da dagi da fitila duk ni zan ara masa. Abu ɗaya kawai zai zo da shi daga gida, wato mutumin da zai riƙe masa igiya.